Nawa ake kashewa kafin mutum ya fara wasan kait a ruwa?

Sadiq_Alƙahira ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah inaso inji daga bakin wanda ya taɓa yin wasan nan na kait, wato wanda mutum ke ɗaura wata ƙatuwar laima mai dogayen igiyoyi a ƙugunsa ya tsaya akan allo iska tana jansa a saman ruwa. Ni a Alƙahira nake, na gama karatu na samu ɗan aiki anan, kuma akwai wasu abokan aikina Misirawa da kusan duk ƙarshen sati sai sun tafi Ras Sudr, wani gari a bakin teku a yankin Sinai, su dawo suna nuna min bidiyo a waya, wallahi abin ya shiga raina sosai. Sun ce in biyo su amma ba wanda ya tsaya ya faɗa min gaskiyar kuɗin da ake kashewa, wannan yace babu tsada wancan yace sai fa ka shirya.

Na duba intanet naga kait ɗaya sabo ana kiran yuro 1,500 har sama da haka, gabana sai da ya faɗi. To shikenan ne ko akwai sauran kaya bayansa? Sannan naga wani ya saka nasa a Facebook da araha sosai, kait da sandar da ake sarrafa shi da ita da allon gaba ɗaya, yace na 2012 ne amma lafiyarsa ƙalau. In saya in dinga koya da kaina a bakin ruwa, ko dole sai na biya makaranta? Nauyina wajen kilo 72, iyo kuma ina ɗan taɓawa. Albashina ba wani mai yawa bane kuma ina turawa gida duk wata, shi yasa bana son in zuba kuɗi a inda zan zo ina da-na-sani.

Abu_Hanif_Tarifa ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina. Da farko dai wancan na 2012 ɗin ka rabu da shi, ko kyauta aka baka kar ka ɗaura shi a jikinka. Yadin kait rana ce ke cinye shi, sabo in ka murza shi a hannu zaka ji yana ƙara, in ya tsufa sai yayi laushi tuɓus, rana ɗaya zai faɗo ya bugi ruwa ya yage daga gaba har baya. Amma ba ma yadin ne ya fi damuna ba, sandar ce. Akwai wani jan abu a gaban cikinka da kake turawa idan abu ya ɓaci, nan take kait ya saki ƙarfinsa ya faɗi. Shi ne ranka a wasan nan. Na tsohuwar sanda da ta sha gishiri da yashi shekara sama da goma yana iya cijewa, ranar da kake buƙatarsa ya ƙi buɗewa, kuma igiyoyin ma sun miƙe sun gaji ba ka san ranar da ɗaya zata tsinke ba.

Maganar koyo da kanka kuma dan Allah ka cire ta daga ranka. Kait mai girman murabba'in mita 12 idan iska ta kai not 20, wato wajen kilomita 37 a awa, yana iya ɗaga ƙato sama ya maka shi da ƙasa ya ci gaba da jansa. Munanan haɗurra da yawa ba a tsakiyar teku suke faruwa ba, a bakin ruwa ne lokacin tayar da kait ko sauke shi, inda akwai duwatsu da motoci da rumfuna da yaran mutane. Igiyoyin nan mita 22 zuwa 24 ne, sirara, in suka ɗame suna yanka fata. Kaga ba kanka kaɗai zaka jefa a haɗari ba.

Saboda haka kuɗin farko na makaranta ne, ba na kaya ba. Yawanci mutum yana buƙatar awa 9 zuwa 12 da malami kafin ya fara miƙewa akan allo ya ɗan yi tafiya, wani ya fi haka, kuma a cikin kuɗin darasi suke baka komai, kait da allo da ɗamara da hular kwano da rigar da ke hana nutsewa, in ka yaga kait ma nasu ne. Anan wajenmu Tarifa, a kudancin Sifen, kwas na kwana 3 cikin rukuni yakan kama yuro 200 da wani abu zuwa 300 da wani abu, in kai kaɗai ne da malami awa ɗaya wajen 60 zuwa 80. Ni shawarata ku zama ku biyu kawai da kait ɗaya, don in kun yi yawa rabin lokacinka a tsaye zaka yi kana kallon wani. Ka tambaya ko malamin yana da shaidar IKO, wato ƙungiyar wasan kait ta duniya, ko ta VDWS ta Jamusawa, kuma in ka gama su baka kati mai nuna matakin da ka kai, da shi ne wata makarantar a wata ƙasa zata yarda ta baka hayar kaya.

Yanzu lissafin kayan in sabbi ne, daga manyan kamfanoni irin su Duotone, North, Cabrinha, F-One ko Core. Kait kaga farashinsa da kanka. Sanda da igiyoyinta daban ake sayarwa, wajen yuro 500 zuwa 700, mutane da yawa basu san wannan ba sai sun je biya. Allo 400 zuwa 800. Ɗamarar ƙugu 150 zuwa 300. Sai famfon hura iska da hula da rigar ruwa. In ka haɗa kana maganar yuro 3,000 da kait ɗaya tal, kuma wanda ya daɗe a wasan baya zama da ɗaya, don na ranar iska kaɗan daban na ranar iska mai ƙarfi daban. Anan Tarifa muna da iska biyu, Poniente mai zuwa daga yamma a hankali, da Levante mai zuwa daga gabas da ƙarfin tsiya, wanda ke da mita 12 kaɗai ranar Levante sai dai ya zauna a mota.

In na hannu ne, ɗan shekara 2 ko 3, ana iya haɗa komai a wajen yuro 1,200 zuwa 1,500. Amma ba yanzu ba. Wanda bai taɓa riƙe sanda ba bai san abin da zai duba ba.

Malam_Garba_Fagge ya rubuta:

Sadiq ɗana, Allah ya yi maka albarka da kake tunawa da na gida. Ni ban taɓa yin wannan wasa ba, a talabijin kawai nake gani, amma na karanta saƙonka da kyau kuma kalma ɗaya ce ta tsaya min a rai, inda kace iyo kana ɗan taɓawa. Mu mutanen Arewa yawancinmu abin da muke kira iyo shi ne facal-facal a kududdufi ko rafi da damina inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Teku daban ne. Kafin ka ba kowa ko sisi akan laima, ka nemi wurin iyo anan Alƙahira ka biya a koya maka sosai, har ka iya yin nisa ba tare da ka tsaya ba, kuma ka iya zama akan ruwa mai zurfi hankalinka kwance. Wannan ma ka saka shi a lissafi.

Na biyu, ka ji lissafin da Abu Hanif ya kawo, ka juya shi zuwa naira kaga miliyoyi ake magana. Ba na ce kar ka yi ba, saurayi mai aiki yana da haƙƙin ya huta ya motsa jiki, kuma wannan ya fi zaman banza nesa ba kusa ba. Amma irin wannan abu kamar doki ne, ba sayensa ne wahala ba, harawa da dusa na kullum su ne ke kayar da mutum. Ka fara ware na iyayenka da na ajiya, abin da ya rage shi ne na wasa, kuma kar ka ci bashi akansa ko da abokai sun matsa. Ka kuma sanar da mahaifiyarka kafin ka fara, kar ta gani a waya.

Maman_Ilham ta rubuta:

Gaskiya Baba Malam ya faɗi magana. Mu a Cape Town muke, maigidana ne ke yin wasan nan ni kuma ni ce mai riƙe lissafin gida, to bari in faɗa maka kuɗaɗen da masu yi basa lissafawa, ba wai ɓoyewa suke ba, kawai in iska ta taso mantawa suke da komai.

Na farko mai da abinci da wurin kwana. Anan Blouberg ne wurin da ya yi suna, nan ne ƙwararru ke tashi sama kamar me, amma iskar wajen da igiyar ruwan sun fi ƙarfin ɗan koyo, dole sai dai Langebaan inda ruwan ke kwance, wajen kilomita 120 daga gari. Lokacin da Abban Ilham ke koyo kuɗin man zuwa da dawowa da ɗan abin da za a ci a hanya ya kusa kamo kuɗin darasin kansa. Kuma abin takaicin shi ne wani lokacin a je iska ta ƙi zuwa, a wuni a zaune ana kallon tuta a dawo, man dai ya ƙone. Kai ma Ras Sudr ba bayan gida bane, ka lissafa kowace tafiya ka ninka ta da yawan zuwan da zaka yi, don wasan nan in ka yi darasi yau baka koma ba sai bayan wata biyu, hannunka ya manta, ka sake biyan kuɗin abin da aka riga aka koya maka. Gara ka tara kuɗin ka ɗauki hutu ka yi kwana 4 ko 5 a jere.

Na biyu gyara. Robar da ke cikin kait wadda ake hurawa tana hujewa, yadi yana yagewa a kai wa mai ɗinki, igiyoyi ana canza su in sun fara gashi, famfo ma yana lalacewa. Allo kuma yana ɓata ɗungurungum, mutum ya faɗi kait ya ja shi gaba allon ya tsaya a baya ruwa ya tafi da shi, shi yasa zaka ga kowa ya rubuta lambar wayarsa a jikin allonsa da alƙalamin da baya gogewa. Mu anan ruwan sanyi ne ƙarara ko da bazara, dole rigar ruwa mai kauri, ita ma bata wuce 'yan shekaru take fara tsagewa a ɗinki. Akwai inshora kuma, ta in ka ji wa wani ciwo ko ka lalata masa kaya, kar ka raina ta.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mana kuɗi, tafiya. Lokacin iskarmu daga Nuwamba ne zuwa Maris, in ya wuce sai kaji an fara zancen Zanzibar, wai Paje akwai iska daga Yuni zuwa Satumba, ko Dakhla ta Yammacin Sahara, ko tsibirin Sal na Cape Verde. Jakar kayan doguwa ce, jirage da yawa sai ka biya mata kuɗi daban. Mun zauna mun yi magana muka tsayar da abin da za a kashe a shekara, in ya ƙare ya ƙare. Amma tsakani da Allah ban taɓa baƙin cikin wasan ba, mutum ne da aiki ke cinye shi, ranar da ya shiga ruwa ya fito zaka ga fuskarsa ta sake, har barcinsa ya fi daɗi.

Ɗan_Damagaram ya rubuta:

Sannu Sadiq, ni ina Hurghada ne don haka bari in yi maka maganar nan ƙasar. Ka gode wa Allah, mutane daga Jamus da Rasha da Poland suna biyan kuɗin jirgi da otal su zo neman abin da kai kake da shi a tafiyar awa 3 a mota. Ras Sudr wajen kilomita 200 ne daga Alƙahira, ta ramin Ahmed Hamdi da ke ƙarƙashin mashigin Suez ake bi, ka riƙe fasfo da iƙamarka a jiki saboda shingayen bincike. Ruwan wajen a kwance yake kuma wurare da yawa iya ƙugu ne ko ƙirji, in ka faɗi ka miƙe tsaye, wannan kaɗai yana rage maka awannin darasi, wato yana rage maka kuɗi. Sai dai ruwan yana cika yana janyewa, ka tambayi makarantar lokacin da ya fi dacewa kafin ka kama hanya. Duk da haka maganar Baba Malam ta iyo tana nan daram, iska tana iya kai ka inda ƙafa bata taɓa ƙasa.

Daga wajen Mayu zuwa Oktoba iska ta fi tabbata kuma ruwan da ɗumi, baka buƙatar riga mai kauri irin ta su Maman Ilham, 'yar shara-shara mai dogon hannu saboda rana ta isa, sai takalmin ruwa don akwai ɓawon kifi da abubuwa masu tsini a ƙasa. In da sanyi zaka yi to sai ka nemi mai kauri.

Abin da zaka lura da shi, makarantu da yawa musamman nan El Gouna da Safaga da yuro suke rubuta farashi, kuma tun da fam ɗin Masar ya faɗi a Maris 2024 duk kayan da ake shigowa da su sun yi tsada ga mai karɓar albashi da fam. Ka tambaya ko suna da farashin mazauna ƙasa, ka nuna iƙama, kuma ka bar abokanka Misirawa su yi maka ciniki. Sannan ko da kayanka ne na kanka ba kyauta zaka shiga ba, yawancin wuraren akwai kuɗin shiga bakin ruwa, a ciki ne suke lissafa ajiyar kaya da injin hura iska da jirgin ceto, ga yaran da ke taya ka tayar da kait da sauke shi, ana basu ɗan ihsani kuma sun cancanta don wuni suke a rana.

Inda na ɗan saba da Yaya Abu Hanif shi ne maganar kait biyu. A shekarar farko ɗaya ya ishe ka, ranar da iska ta fi ƙarfinsa ka yi hayar ƙarami ko ku yi musaya da abokanka tunda tare kuke zuwa. Haya kam in ta yi yawa asara ce, kuɗin 'yan kwanaki kaɗan sai ya sayi allo na hannu, don haka ka yi ta ne kawai na ɗan lokaci bayan darasi har ka tabbatar wasan ya zauna maka.

In lokacin saye ya yi, makarantu suna sayar da kayansu in shekara ta juya sabbi sun iso. Akwai araha amma ka sani kait ɗin darasi ya sha faɗuwa a hannun 'yan koyo, ka fi neman na haya ko na wani mutum da ya canza. Ka hura shi ya cika tam ka bar shi wajen awa ɗaya kaga ko zai saki. Ka ɗaga yadin ka kalli rana ta cikinsa, ƙananan huji zasu bayyana. Ka bi ɗinkin gaba da hannu, ka duba gefen baya inda iska ke kaɗa shi don nan ne ke fara mutuwa. Ka ja bakin da ake hura iska a hankali, zafin ƙasar nan yana narkar da gam ɗinsa ya ɓalle, shi yasa in ka saya kar ka taɓa barin shi a but ɗin mota da rana. Igiyoyi kuma a ɗaure su a wuri ɗaya a ja a gani ko tsawonsu ɗaya. Ka tafi da malamin da ya koya maka, ko shayi ka saya masa ya duba maka.

Sadiq_Alƙahira ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Baba Malam in sha Allah zan kira Hajiya in faɗa mata, kuma akwai wurin iyo kusa da mu a Madinat Nasr zan je in tambaya satin nan. Mai kayan 2012 na ce masa na fasa. Abin da na tsayar shi ne in tara kuɗin darasi da na kwana in ɗauki hutu a yi shi a jere yadda Anti Maman Ilham tace. Yaya Abu Hanif tambaya ɗaya ta rage, in na zo saye wane girma ya dace da nauyina, kuma shi wannan allon da ke tashi sama da ruwa akan wani dogon ƙarfe da na gani a gasar Olamfik, shi ma ana farawa da shi?

Abu_Hanif_Tarifa ya rubuta:

Amin ƙanina. Wancan da ka gani shi ne na tsere da aka fara sakawa a Olamfik ta 2024, a Marseille aka yi shi, kayansa daban ne gaba ɗaya kuma shi ƙarfen da fukafukinsa kaɗai yana iya kai kuɗin kait ko ya wuce, ga kaifi. Sai ka ƙware da allo na yau da kullum tukuna, wanda gaba da bayansa iri ɗaya ne.

Ga mai kilo 72 abin da aka saba shi ne mita 12 na iska matsakaiciya da mita 9 na mai ƙarfi. Na yarda da Ɗan Damagaram ka fara da ɗaya, amma wanne daga ciki malaminka na Ras Sudr ne zai faɗa maka don shi ya san iskar wajen a watannin da zaka dinga zuwa. Allo ka nemi mai tsawon santimita 136 zuwa 140, mai ɗan faɗi ya fi sauƙin tashi. Ɗamara ita ce abu ɗaya da zan ce ka saya sabuwa ko aƙalla ka gwada ta a jikinka a rataye ka da ita kafin ka biya, in bata zauna ba zata dinga hawowa haƙarƙarinka ta hana ka sakat.

Kuma kafin ka ba makaranta kuɗi ka tambaye su ƙarara, in iska bata zo ba ya za a yi da awannina, za a ɗaga min zuwa wata rana ko za a dawo min da kuɗi, kuma awa daga yaushe ake fara lissafa ta, daga haɗa kaya ko daga shiga ruwa. Su rubuta maka amsar a WhatsApp ka ajiye.